Tsakanin Iyawa da Sani: Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi a Binciken da Ake Yi ta Hanyar Aikin Fasaha

Tsakure

Tun farkon shekarun 1990 jami'o'in Birtaniya da sauran ƙasashen Turai da Ostireliya da Kanada suke muhawara a kan ko aikin mai zane ko mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo zai iya tsayawa a matsayin binciken ilimi, har a ba da digiri na uku a kansa. Wannan maƙala ta bibiyi kalmomin da muhawarar ta haifar da yanayin da ya haife su, sannan ta auna su da kalmomin Hausa. An lura cewa rabe-raben binciken ba su da wuyar faɗi da Hausa. Inda gizo ke saƙar shi ne a sunayen "fasaha" da "bincike" da "aiki". An kuma nuna cewa aikatau uku na yau da kullum, wato "iya" da "sani" da "ji", sun isa zama tubalan gina keɓaɓɓun kalmomin wannan fage.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1975 Dandatti Abdulƙadir ya sami digiri na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da kundin da ya rubuta a kan Alhaji Mamman Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Bayan shekara goma sha uku, a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi Shatan kansa digirin girmamawa. Kafin nan, a 1977, jami'ar ta yi wa Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da hotonta ke bayan takardar naira ashirin, irin wannan karramawa. Duka ukun an kira su "Dokta", amma kowane ɗan jami'a ya san digirin iri biyu ne. Na farko shaida ce ta cewa mutum ya gudanar da bincike ya ƙara wa ilimi wani abu. Na biyu kuwa godiya ce da yabo.

Tambayar ita ce: shin akwai hanya ta uku, inda wanda ya yi waƙar ko ya gina tukunyar zai gabatar da ita a matsayin bincikensa, a jarraba shi a kanta kamar yadda ake jarraba mai kundi? A ƙasashe da dama an riga an amsa da "i". Sassan koyar da zane da wasan kwaikwayo da fim na jami'o'inmu ma ba za su kauce wa tambayar ba, haka nan sassan Hausa, tun da yake a cikin ɗalibansu akwai marubuta waƙa da ƙagaggun labarai. Ranar da za a zauna rubuta ƙa'idar irin wannan digiri da Hausa, kalmomin da aka zaɓa su za su yanke hukuncin abin da zai shiga da abin da za a bari a waje.

2.0 Asalin Muhawarar

Ya kamata a fara da faɗin gaskiya: kuɗi ne suka tayar da wannan muhawara kafin falsafa ta shigo. A shekarar 1992 wata dokar majalisar Birtaniya ta mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, kuma makarantun zane da yawa suna cikin waɗannan kwalejoji. Tun 1986 ƙasar take da tsarin auna ingancin binciken kowane sashe na jami'a, ana raba kuɗin bincike gwargwadon makin da sashe ya ci. Malamin da aikinsa sassaƙa ne ko tsara tufafi sai ya wayi gari ana tambayarsa ina bincikensa. In ya ce ba shi da shi, sashensa ya yi asara. In ya ce sassaƙar ce binciken, sai a ce ya kawo hujja.

2.1 Rabe-raben Frayling

A cikin wannan yanayi ne Christopher Frayling na Royal College of Art da ke Landan ya wallafa wata gajeriyar maƙala a 1993, wadda har yau kusan duk mai rubutu a fagen da ita yake buɗewa. Ya aro tsarinsa daga tunanin Herbert Read a kan ilimi da fasaha, ya raba bincike gida uku, kuma dukan rabon ya rataya a kan 'yan ƙananan kalmomin Ingilishi uku: "into" da "through" da "for". Da Hausa, bincike a kan fasaha, da bincike ta hanyar fasaha, da bincike domin fasaha.

Na farko shi muka saba da shi. Kundin Dandatti a nan yake, haka nan dubban kundayen da aka rubuta a kan jigo da salon waƙoƙi. Manazarci yana waje, aikin yana gabansa. Na biyu shi ne inda mai sana'a yake gwaji a ɗakin aikinsa, kamar gwada yadda wani ƙarfe ke karɓar launi, yana rubuta abin da ya yi mataki-mataki, daga ƙarshe ya fito da aikin tare da rahoto. Na uku shi ne mai ƙaya: binciken da mai fasaha yake yi don ya samar da aikinsa, tunanin duka ya narke a cikin aikin, babu wani bayani sai shi aikin. Frayling ya yi ɗari-ɗari da wannan. Ya nuna cewa kwalejinsu tana karrama irin waɗannan gwanaye da manyan digirori ko na girmamawa, amma ba ta ba da digirin bincike a kan aikin da aka ce shi zai yi wa kansa magana. Matsayin Zariya a kan Shata da Ladi Kwali ke nan. Ya kuma tuna da Picasso, wanda a wata hira ta 1923 ya raina nema a harkar zane, ya ce samu shi ne abin dubawa. Bahaushe da ya ce mai nema yana tare da samu bai raba su ba, amma jami'a ta raba: neman take jarrabawa.

2.2 Yaɗuwar Sunaye

Daga nan sunaye suka yi ta tsiro. Henk Borgdorff na ƙasar Holan ya sake rabon a 2006 zuwa bincike a kan fasaha, da domin fasaha, da a cikin fasaha. Abin lura shi ne "domin" ɗinsa ba ta Frayling ba ce. A wurinsa tana nufin binciken da ke yi wa mai fasaha hidima, kamar inganta kayan kiɗa, kuma abin da ake jayayya a kansa ya koma ƙarƙashin "a cikin". Kalma guda, ma'ana biyu, a bakin masana biyu da ake yawan ambata a shafi ɗaya. A shekarar dai Linda Candy, daga Sidni ta Ostireliya, ta bambanta binciken da aka gina a kan aiki, inda abin da aka ƙirƙira shi ne ginshiƙin gudummawar, da binciken da aiki ke jagoranta, inda sakamakon sabuwar fahimta ce game da yadda ake aikin. Wasu marubutan suna juya sunayen biyu, wasu ba su bambanta su. Masu wasan kwaikwayo a Ingila sun fi son "aiki a matsayin bincike", wanda shi ne kan littafin Robin Nelson na 2013. A Kanada ana harhaɗa "bincike" da "ƙirƙira" su zama kalma ɗaya a Faransanci da Ingilishi. Jamus da ƙasashen arewacin Turai kuwa siffa suka liƙa, suka ce "bincike na fasaha".

Kowane suna yana ɗauke da da'awa. Wanda ya ce "a matsayin" ya daidaita aiki da bincike. Wanda ya ce "ta hanyar" ya mayar da aiki hanya, ya bar sakamakon a buɗe. Saboda haka mai fassara da ya ɗauko suna ɗaya ya riga ya shiga ɓangare, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Auna Kalmomin da Hausa

Kamar yadda aka gani, ƙananan kalmomin ba su ba Hausa wahala ba. Sunayen ne matsala.

A ɗauki "fasaha". Asalinta Larabci ne, inda take nufin ƙwarewar harshe da tsarkin magana. A Hausar yau tana ɗauke da kaya uku: ita ce a "kimiyya da fasaha", inda take nufin ƙere-ƙeren zamani, ita ce a "Tsangayar Fasaha", inda take nufin fannonin adabi da harshe da tarihi, ita ce kuma a "fasahar mawaƙi". Wanda ya ji "binciken fasaha" a rediyo zai fi kawo injiniya a ransa. Kalmar da Larabcin zamani ke kiran zane da kiɗa da ita ta shigo Hausa, amma da ma'anar reshen ilimi kawai, wato "fanni". "Sana'a" tana da daɗin cewa ta haɗa marini da makaɗi da magini, sai dai tana jan hankali zuwa neman abinci. "Hikima" da "azanci" sun fi karkata ga magana. A ganina babu mafita sai a riƙe "fasaha" a ɗaure ta da wata kalma, a ce "aikin fasaha" ko "fasahar ƙirƙira", a kuma daina sa ran samun kalma tilo.

"Bincike" da "nazari" kuwa mun daɗe muna musanya su a kundaye kamar tagwaye, alhali a wannan fage bambancinsu yana da amfani. "Nazari" daga tushen Larabci mai ma'anar dubawa ta fito, tana buƙatar abin da ya riga ya kasance, a sa shi gaba a feɗe. "Bincike" tono ne da lalube, mai yinsa bai san abin da zai tarar ba. In aka bi wannan, rukunin Frayling na farko nazari ne, na biyu bincike. Ba a cewa a sauya sunan kundayen da suka gabata. Ana dai nuna cewa harshen yana da wuƙa biyu, mun daɗe muna yanka da su kamar ɗaya.

Sai kalmar "practice", wadda ta fi kowace santsi, domin a Ingilishi tana nufin maimaita abu don a ƙware, da gudanar da sana'a, da kishiyar ra'i. "Atisaye" da "gwaji" sun kama ta farko kawai. "Aiwatarwa" ta riga ta zauna a nazarin waƙar baka da ma'anar gabatar da waƙa a gaban jama'a, don haka ta dace da makaɗi da ɗan wasa, amma ba a cewa magini yana aiwatar da soro. "Aiki" ita ta fi faɗi, kuma tana da wata fa'ida da ba a shirya ba: tana nufin yin abu, tana kuma nufin abin da aka yi. Ɗinkin da ke wuyan babbar riga "aiki" ake ce masa. Ke nan "bincike ta hanyar aikin fasaha" ta rungumi yi da abin yi a lokaci guda.

3.1 Iya, Sani, Ji

Zuciyar muhawarar ita ce wane irin sani ne ke cikin aikin gwani. Masu kare wannan fage suna yawan komawa ga masana uku. Gilbert Ryle a 1949 ya bambanta sanin yadda ake abu da sanin cewa abu kaza ne. Michael Polanyi a 1966 ya yi bayanin sanin da mutum ke da shi wanda ya fi ƙarfin abin da bakinsa zai iya furtawa. Donald Schön a 1983 ya nuna yadda ƙwararre ke tunani a tsakiyar aiki, yana gyara hannu kafin ya gama.

Abin da Ryle ya buƙaci babi guda don kafawa, yaron Bahaushe yana faɗinsa kullum. "Ya san waƙa" daban, "ya iya waƙa" daban. Nahawun ma ya raba su: "sani" tana karɓar jumla, a ce "ya san cewa baba ke ba da shuɗi", amma "iya" sunan aiki take nema, a ce "ya iya rini", "ta iya saƙa". In aka ce "ya iya cewa", ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Akwai kuma ta uku, "ji", wadda ta haɗa kunne da hanci da harshe da fata da fahimta. Ana jin ƙamshi, ana jin sanyi, ana jin Hausa.

A duba marini a karofi. Ya zuba baba da toka da katsi a ramin marina, yana motsawa kwana da kwanaki. Masanin kimiyyar sinadarai ya san cewa ruɓawar da ke faruwa a ramin tana cinye iskar da ke cikin ruwan, ta sa launin ya narke ya shiga zare, shi ya sa ƙyalle ke fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Marini bai buƙaci wannan bayani ba. Yana duban kumfa, yana jin wari, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Na farko ya sani, na biyu ya iya kuma yana ji. In aka tambaye shi yaya ya gane, ƙila ya ce hannu ne ya faɗa.

A nan akwai tarkon fassara. Wanda ya juya kalmar Polanyi kai-tsaye zai ce "ɓoyayyen sani", kuma mai karatun Hausa zai fahimci asiri, irin wanda ake cewa maƙera da masunta suna da shi. Abu biyu ne mabambanta. Asiri abu ne da mai shi zai iya faɗi amma ya ƙi. Abin da Polanyi ke nufi kuwa mai shi ko ya so faɗi ba zai iya ƙarewa ba. Gara a ce "sanin hannu" ko "sanin jiki". Bambancin yana da nauyi a wajen jarrabawa, domin jami'a za ta iya karɓar sanin da ya gagari baki in an nuna shi a aikace, amma ba za ta karɓi wanda aka ƙi bayyanawa ba.

Iyawa kaɗai, komai girmanta, ba bincike ba ce. Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sarautar Babban Gwani aka ba shi, kuma bakan-gizon da ya ɗaure har yau masu nazarin gine-gine suna karatu a kansu. Wannan gwaninta ce. Tana zama bincike a ma'anar jami'a idan aka soma da tambayar da ba a san amsarta ba, aka bi hanyar da wani zai iya bibiya, aka fito da abin da wasu za su ɗauka su yi gaba. Jagoran Frascati, wanda ƙungiyar OECD ke fitarwa don ƙididdigar bincike, ya jera sharuɗɗa biyar a bugunsa na 2015: sabunta, da ƙirƙira, da rashin tabbas a kan sakamako, da tsari, da yiwuwar miƙa sakamakon ga wasu ko maimaita shi. Na ƙarshen ne ke tsaya wa masu fasaha a wuya, kuma jagoran bai ƙidaya gabatar da aikin fasaha tsagwaronsa a cikin bincike ba.

4.0 Misali daga Rubutacciyar Waƙa

A 1980 Ɗalhatu Muhammad ya kawo batun amsa-amon karin sauti, wato cewa ƙarshen ɗangogin waƙar Hausa kan dace a hawa da saukar murya, ban da dacewar harafi. Masana sun yi ta tattaunawa a kai ta hanyar ƙirga ɗangogin waƙoƙin da aka riga aka rubuta. Wannan nazari ne.

A ƙaddara wata ɗaliba marubuciyar waƙa ta tunkari batun ta wata ƙofa. Ta tsara waƙoƙi a karuruwa daban-daban, kamar Mutadarak da Kamil da Rajaz, wasu ta tilasta wa kanta dacewar karin sauti a ƙarshen kowane ɗango, wasu ta karya ta da gangan. Tana ajiye kowane daftari, tana rubuta inda harshe ya ba ta hanya da inda ya turje, sannan ta rera wa masu sauraro ta ga ko kunnensu ya kama karyewar. Abin da za ta gano, misali ko dacewar tana zuwa da kanta saboda yawan kalmomi masu wani tsarin sauti, ko kuwa sai an yi mata dabara, abu ne da mai ƙirga daga waje zai sha wuya kafin ya gani. Waƙoƙin su ne kayan gwajin, su ne kuma wani ɓangare na hujjar. In da za ta kawo diwanin kawai ta ce a ba ta digiri don ya yi daɗi, ta koma rukuni na uku da Frayling ya yi shakka a kansa.

Haɗarin wannan hanya a fili yake: mai bincike ita ce abin bincike, kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi ya sa ajiye daftari da ranaku da ɗaukar murya suka zama wajibi, don wani ya iya ƙaryata ta.

5.0 Sunan Rubutun da ke Rakiyar Aiki

Kusan duk jami'ar da ke ba da irin wannan digiri tana neman rubutu tare da aikin. A Ostireliya ana kiransa "exegesis", kalmar da asalinta fassara nassin littafi mai tsarki ce. Takwararta a Hausa "tafsiri" ce, kuma babu mai kunnen Hausa da zai yarda a kira bayanin ɗalibi a kan wasan kwaikwayonsa da wannan suna. "Kundi" kuwa ta riga ta zama sunan dukan aikin digiri, in aka ba rubutun ita kaɗai an fitar da waƙar ko zanen daga lissafi. Mujallar da ƙungiyar masu wannan bincike ta Turai ta soma fitarwa a intanet a 2011 ta kauce wa kalmar "maƙala", ta zaɓi wadda ke nufin bajewa, inda hoto da sauti da rubutu ke zama a shafi guda.

"Sharhi" ta fi dacewa da mu, kuma tana da tarihi a ƙasar nan. Makarantun zaure sun san matani da sharhinsa, sun kuma san malamin da ke yi wa nasa aikin bayani. Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara wasu waƙoƙinsa na Larabci a Tazyinul Waraƙati a 1813, yana kawo waƙa tare da bayanin dalilin yinta da halin da ake ciki. Ba a cewa wannan bincike ne irin na jami'ar yau. Abin da yake nunawa shi ne zaman waƙa da bayanin mai ita a littafi ɗaya ba baƙon abu ba ne. Don a bambanta shi da sharhin manazarci na waje, ana iya cewa "sharhin mai aiki", a bar "kundi" ta rufe aikin da sharhin baki ɗaya.

6.0 Wa zai Tabbatar da Kalmomin?

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya riga wannan muhawara, kuma harshe da adabi ya fuskanta. Kalmomin da suka fi karɓuwa a nazarin waƙar baka, irin su "gindin waƙa" da "ɗiya" da "amshi" da "ƙari", Hausar gida ce, ba a juyo su daga wani harshe ba, shi ya sa ɗalibi da makaɗi za su zauna su fahimci juna da su. Wannan fage ya fi kowane buƙatar haka, domin masu aikin su ne masu binciken. Kwamitin da zai tsayar da kalmominsa yana buƙatar malaman zane da na wasan kwaikwayo tare da masana harshe, yana kuma buƙatar marina da magina da maɗinka da makaɗa, waɗanda ke da sunan kowane mataki na aikinsu.

Wannan ya kai mu ga teburin jarrabawa. Ƙa'idar jami'a ta tanadi cewa mai jarraba ɗalibin digiri na uku ya kasance malamin jami'a mai irin wannan digiri ko matsayin da ya fi shi. Zai iya auna sharhin. Amma in aikin rini ne, wanda zai taɓa ƙyallen ya ji ko shunin ya kama yana Ƙofar Mata, ba shi da takardar da za ta ba shi kujera a ɗakin. Ko a kira shi mai ba da shawara, ko shaida, ko mai jarrabawa na biyu, kowane suna yana ƙayyade ko sa hannunsa zai shiga takardar sakamako.